Rasuwar Ottilie, 'Yar Itacen Tuffa

Da zuciya mai cike da alhini, Eberhard Ketterer, tsohon magatakardan garin Hinterlaubach, tare da uwargidansa Waltraud, yana sanar da maƙwabta da abokan arziki rasuwar Ottilie, wadda ta huce hucewar ƙarshe ranar Litinin da hantsi, bayan shekara goma sha uku a kan teburin ɗakin karatunsa.

Kada wani ya ɗauki wannan sanarwa a matsayin sabon abu. Wanda ya fara liƙa takardar rasuwar abin da ba ya numfashi a allon garin nan shi ne Fridolin Ketterer, kakan mai sanarwa, a shekarar 1931, lokacin da agogon bangonsa ya tsaya. A 1968 mai gidan burodi ya yi wa kekensa irin haka, majalisar gari kuma ba ta hana ba. Takardun biyu suna nan a ajiye ga mai son dubawa. Wannan ce ta uku.

Ga waɗanda ba su samu zama da marigayiyar ba, Ottilie gajeren kututture ce da aka rarake cikinsa, aka dasa masa ƙarfe mai ɗaukar zafin lantarki. Mutum zai murtsuke busasshen ganye, ya cusa a bakin bututun gilashi, ya kifa shi a kanta, ya ja iska a hankali. Ba ta ƙona ganye, ba ta hayaƙi. Gasa shi take yi har ya saki ƙamshinsa, kuma ba ta taɓa yarda a gaggauta ta ba.

An haife ta a shekarar da likita ya raba Eberhard da lofensa na shan taba. A shekarar ne guguwa ta kayar da itacen tuffa na bayan gida. Alois Duffner, masassaƙi, yayan Waltraud, ya raba gindin biyu. Ya sassaƙa rabi da hannunsa, ya kawo wa mijin ƙanwarsa don bakinsa ya samu abin yi, ya jingine rabin a ɗakin aikinsa.

Halayenta sanannu ne. Ba ta taɓa huda rigar tebur ba, ba ta rina labule ba. Na'a-na'a da ɗoɗɗoyar da Waltraud ke busarwa a saman rufi ta karɓa ba tare da zaɓe ba. A cikin hunturu, idan dusar ƙanƙara ta toshe ƙofa, ita ce ke ɗumama yatsun maigidan kafin ya riƙe alƙalami. Maganarta duka kalma biyu ce: ƙis, idan zafi ya fara shigarta, da fuuu, idan ana jan iska. Mai sanarwa ya yi shekara talatin da ɗaya yana rubuta jawaban 'yan majalisa, yana kuma shaida cewa kaɗan ne daga cikinsu suka fi ta ma'ana.

Kowace Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma mutum uku ke zama a gabanta: maigidan, da Alois, da Meinrad tsohon mai raba wasiƙu. Kowa da bututunsa. Na Alois ne mai shuɗin zobe.

Game da ciwon ajalinta, gaskiya ta wajaba. Ranar da Alois ya kawo ta, ya bar umarni biyu: a riƙa goge rariyar bututu da buroshi, a kuma shafa wa jikinta kakin zuma sau ɗaya a wata uku, kada wani abu ya taɓa ta sai shi. Na farkon an kiyaye shi. A kan na biyun, Eberhard ya duba tarihi, ya tarar kakansa Fridolin da man girki yake shafe kowane katako a gidan, har da akwatin agogo. Abin da magabata suka yi shekara arba'in, a ganinsa, ba gwangwanin kaki ne zai soke shi ba. Sai ya koma man girki a ɓoye.

Shekara shida da suka wuce, wata Alhamis, Alois ya ja iska sau ɗaya, ya ajiye bututu, ya leƙa ƙarƙashin tebur.

"Wa ke soya dankali a nan?" in ji shi.

Meinrad ya ce shi ma ya jima yana jin yunwa duk ranar Alhamis bai san dalili ba.

Eberhard ya miƙe tsaye, kamar yadda ya saba idan zai kawo hujja, ya ce kakansa haka ya yi wa agogonsa.

"Agogon da ya mutu?" in ji Alois. "Wanda takardar mutuwarsa ke rataye a bayanka? Kai dai, mijin ƙanwata, da za ka ga a rubuce cewa kakanka ya sha man fitila, da ka aika a sayo maka kwalba."

Maigidan ya ce a gidansa ba a zagin matattu. Alois ya ɗauki hularsa. Daga ranar bai sake taka ƙofar ba, ko a bikin Kirsimeti, alhali tsakanin gidajen biyu gada ɗaya ce. Waltraud ta ci gaba da yanka kek kashi huɗu kowace Alhamis, Meinrad kuma ya ɗauki nauyin kashin da ya rage ba tare da ƙorafi ba.

Ottilie ta jure. Jikinta ya yi duhu, ya fara danƙo, ƙura ta manne mata. A hunturun bara ta tsage daga wuya zuwa gindi. Man ya bi tsagar ya isa ga ƙarfen. Ranar Litinin ta ce ƙis sau biyu, abin da ba ta taɓa yi ba, sannan ta yi sanyi a tafin hannun mai ita.

Waltraud ce ta naɗe ta a tawul ta haye gada da ita zuwa wurin yayanta, ba da izinin maigidan ba. Ta dawo da rahoton binciken gawa, wanda ake kawo shi nan yadda aka faɗe shi. Alois ya sansana, ya ce: "Wannan ba mutuwa ba ce, suya ce." Da ta ce, "Yaya, ka bar dariya, tun jiya tsohon nan ke buɗe durowar da lofensa yake yana rufewa," sai ya dubi rabin gindin da ke jingine. Ya ce zai zo jana'iza, zai kuma zo da itacen, amma sai ya karanta kalma uku a allon gari, da hannun magatakarda, inda kowa zai gani.

Mai sanarwa ya kwana biyu yana binciken takardu. Ya samu cewa a 1954 majalisar gari ta janye hukuncinta kan wurin da za a haƙa rijiya, bayan an haƙa ba a samu ruwa ba, kuma ba wanda ya ce mutuncinta ya zube. Ya kuma sake karanta takardar kakansa da tabarau mai kyau, ya ga a ƙasanta, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa ƙarafan cikin agogon sun cushe da maiƙo. Bisa waɗannan hujjoji biyu, ba don matsin kowa ba, Eberhard Ketterer yana sanarwa:

Gaskiyar Alois ce.

Marigayiyar ta bar bututun gilashi uku, da buroshi ɗaya da ya tsufa a hidimarta, da kwalaben ganye tara, da 'yar'uwarta ta ciki ɗaya da ba a sassaƙa ba tukuna.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe huɗu a bayan gida, a daidai inda itacen tuffa ya tsaya. Katakon ne kawai za a binne. Ƙarfe da waya za a kai su wurin tara tsofaffin kayan lantarki ranar Asabar, kamar yadda dokar gari ta tanada. Meinrad zai riƙe shebur. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su kawo furanni, sai in busassu ne masu ƙamshi, kada kuma kowa ya ambaci dankali. Bayan binnewa akwai gahawa da kek.

Abin da aka samu a zamaninta, aka kuma riƙe, shi ne: shekara goma sha uku ba a kunna lofe ba, labule huɗu farare, gwangwanin kakin zuma ɗaya da ba a taɓa buɗewa ba, wanda zai yi wa mai zuwa amfani, da bututu mai shuɗin zobe, wanda maigidan ya wanke kowace Alhamis har shekara shida. An ajiye shi a gaban kujerar da ke kusa da taga. Meinrad kuma an sanar da shi cewa daga wannan mako kashinsa na kek ɗaya ne.