Harshen Jiddo Tanyus

"Lafiya lau na kwana, ganinki ne dai da sassafe ya ɓata min rana," in ji Tanyus, yana saukowa ɗakin gangunan giya da sandarsa.

"Ni ma ban roƙi Allah ganinka ba, Jiddo. Zauna kafin ka faɗi a ce ni na ture ka."

Zalfa jikarsa ce, Jiddo take ce masa, wato kaka, kuma bana ita ta haɗa jar giyar gidansu a kwarin Beka'a. Ta gauraya inabin tsohuwar gonar tudu mai bauri da na sabuwar gona mai zaƙi. Amma a gidan nan ba a ɗura komai a kwalba sai tsohon ya ɗanɗana ya amince.

Ta miƙa masa kofi. Ya juya shi, ya kai hanci, ya kurɓa. Salam ya ji, kamar ruwa. Haka komai ya koma masa tun zazzaɓin da ya kwantar da shi bara, bai kuwa faɗa wa kowa ba.

"Wannan ko akuya aka ba, sai ta kai ƙara."

"Akuyar ta fi ka haƙora. Me ya rasa?"

"Komai."

"Faɗi ɗaya."

Ya so ya ce tsami ya yi yawa, sai ya ji tsoron kada ta yarda, ta ɓata aikin shekara a kan maganar da ya ƙaga.

"Ke faɗi abin da kika ji, mu ga harshe ne a bakinki ko tsumma."

Ta kurɓa. Ta ce ƙamshin busasshen ɓaure ne ke fara zuwa, ɗan yaji ya biyo baya, sannan baurin tudu ya riƙe harshe ya ƙi saki da wuri. Tanyus ya lumshe ido. Giyar mahaifinsa ce yarinyar ta siffanta, wadda ba ta taɓa sha ba.

"Zalfa, harshena ya mutu tun bara."

"Na sani. Ranar Ista ka cinye kibbe, curin naman nan da na manta ban sa wa gishiri ba, har ka yaba. Kai da ba ka taɓa yabon kowa ba."

Ya yi dariya har ya sarƙe.

"To me ya sa kika taso ni?"

"Wa zai zagi giyar? In ba ka zage ta ba, ba ta nuna."

Ya ciro makullin ɗakin daga aljihu, ya ajiye mata a kan ganga.

"Ɗura a kwalba, mai baƙin baki. Zagin dai nawa ne, kada ki ba kowa."