Godiyar 'Yan Tango ga Alhaji Nata'ala

Birnin Landan ya taki sa'a a shekarar 1993, da Allah Ya kawo masa Alhaji Nata'ala, Mataimakin Darakta a wata ma'aikata can gida, ya zo kwas na shekara guda a jami'a. An ce giwa a garin wani zomo ce, amma mai wannan magana bai ga Alhaji yana shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ba. Tsayawa yake a bakin ƙofa, in ta buɗe da kanta sai ya gyaɗa kai, wato an san da zuwansa.

Tun yana firamare bai taɓa shiga taro ya fito ba shi ne shugaba ba. Da likita ya ce ya rage tumbi, sai ya zaɓi kulob ɗin ɗalibai masu koyon tango, rawar mutanen Ajantina, don ya ji a ƙarshen zango za a zaɓi sabon shugaba. Kafin ya koyi taku ɗaya har ya buga wa matarsa Hajiya Saudatu waya Kaduna, ya ce Turawa na shirin naɗa shi shugaban wata ƙungiyar al'adu ta ƙasa da ƙasa. Hajiya ta baza wa unguwa. A masallacin Whitechapel kuwa, in an tambayi inda yake zuwa ran Laraba da takalmi mai ƙyalli, sai ya ce gashin ƙashi ake masa a asibiti.

Ranar farko malamar, wata 'yar Ajantina, ta ce a tango namiji ke jagora, mace na bi. Alhaji na jin haka ya toshe kunne, karatu ya ƙare. Sauran bayanin, cewa a hankali ake jan abokiyar rawa ana sauraron kiɗa, ya bar wa yara.

"Ni da na yi leading ɗaruruwan ma'aikata," in ji shi, "mace ɗaya ce za ta gagare ni?"

Ba ta gagare shi ba kuwa. Tura ta yake kamar mai gyara wa kabad zama a ofis. Jama'a na zagaya fili ta hannu guda, shi yana bi ta ɗaya hannun, don babba ba ya bin layi. Duk yatsan ƙafar da ya tare masa hanya, ya ga abin da ya gani. Ɗalibai suka sa masa suna Katafila, shi kuma ya ɗauka sarauta ce ta Sifaniyanci.

To, 'yan tango na da al'adu biyu. Da ido ake neman rawa: ka kalli mace, in ba ta so sai ta kau da kai. Kuma in ta ce maka "thank you" kiɗa bai ƙare ba, ta sallame ka ke nan. Alhaji ya sha duka biyun har ya ƙoshi, ya koma masaukinsa a unguwar Deptford yana ba Masawudu, abokin zamansa, labari.

"Ka ga tarbiyya? Ina ɗaga ido, duk su sunkuyar da kai. Ko a gida kunyar nan ta yi ƙaranci. Wata ma ba ta iya daurewa a gama waƙa, sai godiya, har da ƙwalla. Na ce mata ba komai, yi wa kai ne."

Hamdatu, wata ɗaliba 'yar zangon Kumasi, ta ji tausayinsa, ta ja shi gefe don ta fahimtar da shi. Ta fara da cewa, "Baba, wannan thank you, ba godiya ne ba." Ya ɗaga mata hannu, ya ce ya sani, ya wuce godiya, ƙauna ce. Sannan ya roƙe ta ta daina ce masa Baba a gaban mutane.

Ranar zaɓe ya zo da babbar riga a kan takalmin rawa, ya yi jawabi a kan gudummawarsa ga tangon duniya. Mata suka keɓe a lungu suna ƙus-ƙus. Can sakatariyar kulob, Eunice, ta ɗingiso gaba. Ta ce shugabanci ya faɗa kan wani ɗalibi, amma an ƙirƙiro sabon muƙami, kuma babu wadda ta ƙi: Darakta-Janar na Kiɗa. Aikinsa ya zauna gaban rikoda daga farko har ƙarshe, yana juya kaset, ba ya tashi ko nan da can.

Fuskar Alhaji, wadda ta fara faɗuwa, ta tsaya a hanya. Ya tambaya ko muƙamin na sama da shugaba. Eunice ta ce ko shugaban ba ya ɗaga ƙafa sai Darakta-Janar ya danna rikoda. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ya ce ya karɓa saboda matsin lambar jama'a, ya ruga rumfar waya ya shaida wa Kaduna cewa abin ya ma zarce yadda aka zata.

Larabar da ta biyo, yana zaune ya harɗe a gaban rikoda, matan kulob suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowacce da takalmi mai buɗaɗɗen baki, yatsu a waje suna shan iska.