Madubin da Ba Ya Shan Ruwa Ya Rasu a Cikin Tukunya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu mai ɗaci wanda ladabi ya hana a ambaci sunansa a farkon takarda, Malam Muhyiddeen Ashafa na Zawaciki, tsohon magatakardan sito a wata masaƙa da ke Sharada, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk maharbin da ya taɓa shiga daji tare da shi, rasuwar madubinsa na hangen nesa. Marigayin ya cika ranar Laraba da ta wuce, a cikin tukunyar ƙasa, a bayan wani gida da ke Challawa. Ya yi shekara goma sha ɗaya a wuyan mai shi ba tare da ya taɓa kwanciya jinya ba. Magani ne ya kashe shi.

Ba a san ƙasar da aka haifi marigayin ba, don rubutun da ke jikinsa ya goge tun kafin ya zo Kano. Abin da ya rage a kafaɗarsa lamba ce, takwas da arba'in da biyu. Ga wanda bai sani ba, ta farko tana nufin yakan jawo abu kusa sau takwas, ta biyu kuma faɗin gilashin gabansa ce, inda haske ke shiga. An same shi a Dakata, a shagon Istifanus, mutumin Filato mai sayar da kayan aikin da kamfanoni suka bari in sun rufe. Madubai uku ne a kan tebur ran nan. Malam Muhyiddeen, da yake namiji ne, hannunsa ya tafi kai tsaye kan mafi girma, mai lamba goma sha biyu, wanda nauyinsa ya kusa na bulo. Matarsa Mas'uda, Allah ya jiƙanta, ta raka shi ne kawai don za su wuce dubiya. Ta karɓe babban ta kara a idonta, ta auna wata tirela da ke tsaye can ƙarshen layi.

"Malam, wannan tirelar a tsaye take ko rawa take yi?" in ji ta. "Ni da ƙuruciyata hannuna bai riƙe shi ba, balle kai da za ka hau tudu kana haki."

Ta ɗauki ƙaramin, mai jan gilashi kamar idon ɗan maye, ta leƙa cikin wani sito da ƙofarsa ke buɗe. Ta ce duhu kawai take gani. Sannan ta ɗauki na tsakiya ta leƙa wannan siton dai, ta fara ƙirga buhunan da ke jere a cikin inuwa. Ta ce ita ba ta taɓa zuwa farauta ba, amma shekara ashirin tana jin mijinta yana cewa barewa da sassafe take fitowa ko da yamma liƙis, don haka wanda ke gani a inuwa shi ne na aiki. Istifanus ya yi dariya ya ce, "Hajiya ta fi ka ido, Malam. Ɗauki wannan. Kuma ba ya shan ruwa." Nufinsa, ko ruwan sama ya dake shi ba zai shiga ciki ba. Malam Muhyiddeen ya riƙe wannan magana, ya yi ta alfahari da ita a gaban mutane. Yau yana roƙon Allah gafara a kan haka, domin bai lura da irin kunnuwan da ke sauraro ba.

Marigayin mai gaskiya ne. Bai taɓa nuna kututture ya ce barewa ce ba. Gefen abin da yake nunawa tas yake, babu bakan gizo, babu hazo, kuma mutum zai yi awa yana dubawa kansa bai sara ba. Sau biyu ya hana jini zuba a banza. Na farko, ciyawa ta motsa a wani kwari a dajin da ke bayan Birnin Kudu, bindigogi huɗu suka tashi, shi kuwa ya ce ɗan maraƙin Fulani ne. Na biyu ya ce barewa ce, amma da ɗa a gindinta, aka sauke hannu aka bar ta ta wuce. Masu ganin madubin da ake ɗaurawa a kan bindiga ya wadatar, su tuna cewa duk abin da suka leƙa da shi sun riga sun auna shi da baki, ko dabba ne ko matar da ta fito itace. Marigayin bai taɓa auna kowa ba. Kallo kawai yake yi, ya faɗi abin da ya gani.

Ba shi da yawan magana. Muryarsa biyu ce: ƙis, in an buɗe maɓallin jakarsa, da wani siririn sir-sir in ana murza abin da ke tsakiyarsa don hoto ya fito. Tun da Mas'uda ta rasu shekara huɗu da suka wuce, waɗannan biyun suna cikin 'yan muryoyin da suka rage a gidan.

Dole a faɗi wani abu a nan, ko da mai sanarwa ba ya so. Idon Malam Muhyiddeen ya yi rauni. Likita ya ce yanar ido ce ke taruwa, na dama ya fi na hagu lalacewa. Ya daina harbi shekara uku ke nan. Abin da ya sa har yanzu ake ba shi kujera a motar maharba shi ne marigayin. Yakan hau tudu tun rana ba ta fito ba, ya zauna, ya bi daji a hankali daga gabas zuwa yamma, sannan ya nuna wa matasa inda za su bi da inda iska ba za ta tona su ba. Da madubi a wuyansa shi ne idon tawaga. In babu shi, tsoho ne da za a riƙa ja wa hannu a cikin ƙaya, kuma ya san babu mai ɗaukar irin wannan kaya zuwa daji. Fita ta farko ta bana saura mako biyu.

Yadda ajali ya zo kuwa, ga shi. Al'adar ƙungiyarsu ta maharba ce, kafin a buɗe farauta kowace shekara a tara kayan aiki a gidan mutum ɗaya, a jiƙa sassaƙe da saiwoyi, a yayyafa wa wuƙaƙe da gindin bindigogi. Yayyafi ake yi, da reshen ganye, kamar yadda aka gada. Malam Muhyiddeen ya yi karatun da ya isa ya san ruwan sassaƙe ba ya kiran barewa, amma ba ya raina abin da ke haɗa mutane, don haka ya aika da jakarsa kamar kowa. Laifinsa, wanda ya amsa, shi ne bai cire marigayin daga ciki ba. Bana kuwa layi ya zo kan Salisu.

Salisu ƙanin marigayiya Mas'uda ne, uwa ɗaya uba ɗaya, abin da har gobe ke ba mai sanarwa mamaki game da yadda ake rabon hankali a cikin gida guda. Shekararsa goma sha takwas yana aiki a wani kamfanin jima a Challawa, a sashen da ake tsoma fatu. Mutum ne da ya yi imani cewa duk abin da ba a jiƙa ba bai nuna ba. Yayyafi a wurinsa rowa ce. Ya haɗa jiƙon ya ƙara masa bagaruwa, irin wadda majema ke amfani da ita, don ya fi kama jiki. Ya tsoma marigayin ciki, ya ciro, ya leƙa, ya ga ko ɗigo bai shiga ba. Nan ya tuna maganar da ya sha ji daga bakin mijin yayarsa, cewa madubin ba ya shan ruwa. Sai tausayi ya kama shi. Ya ga ga wuƙaƙe sun sha, ga bindigogi sun sha, ga bawan Allah guda an bar shi da ƙishi shekara goma sha ɗaya. Ya ɗauko sukundireba ya kwance bakin idanun biyu, ya mayar da shi tukunya ya danne da dutse. Kwana uku.

Da aka kawo gawar Zawaciki, Malam Muhyiddeen ya ɗaga ta, ya ji murya ta uku wadda bai taɓa ji ba: ƙul-ƙul. Ya kara a idonsa ya ga duniya kalar ruwan shayi, sannan ya daina ganin komai. A kan zoben idon dama akwai wani ɗan ɗigon jan farce da Mas'uda ta sa da hannunta, daidai inda za a tsayar da shi don idon mijinta mai rauni, saboda kada ya riƙa wahalar nema. Bagaruwa ta cinye shi. Ya shafa wurin da yatsa ya ji sumul.

"Yaya, wallahi alheri na nufa," in ji Salisu. "Cewa na yi in ya sha, har barewar da ke bayan dutse za ku gani. Ai ku kuka ce ba ya sha."

Daga nan ya yi dariya. Dariyar ƙanin mata ce, wadda al'ada ta ce mijin yaya ba ya fushi da ita. Mai sanarwa ya bincika abin da ya karanta da abin da ya ji daga manya, bai sami inda aka ce wannan rangwame ya haɗa da sukundireba ba. Da kuka Salisu ya yi, da wataƙila wannan takarda ta fi haka gajarta.

An garzaya da marigayin Dakata. Istifanus, wanda yanzu furfura ta cika masa kai, ya girgiza shi kusa da kunne, ya buɗe, ya ga gilasan ciki sun rabu da mazauninsu, fentin da ke kansu ya saɓule. Ya ajiye shi a kan tebur. Can ya ce, "Malam, sai haƙuri. Wa ya dafa shi?"

Marigayin ya bar jakarsa ta fata, wadda ita kaɗai ta amfana da jiƙon. Ya bar igiyar wuya da murafu biyu daga cikin huɗu, da wani tsumma mai laushi da bai taɓa goge komai ba sai shi. Ya bar ɗan'uwa na nesa, tabarau na karatu, wanda iyakar tafiyarsa daga hanci zuwa shafi. Ba a lissafa cikin magada wani baƙo da Salisu ya kawo ranar Juma'a a cikin leda ba, mai jan gilashi, an rubuta sittin a jikinsa da ruwan zinariya. Malam Muhyiddeen ya duba hasumiyar masallacin unguwa da shi, ya ga hasumiya biyu, kowace da rawanin bakan gizo. An mayar wa mai shi abinsa. Za a mayar da duk wani irinsa da za a kawo.

An kai maganar gaban Malam Kamilu, shugaban ƙungiya, wanda ya saurari kowa, ya nemi a ba shi ruwa ya sha saboda tarin da ya sarƙe shi a tsakiyar bayanin Salisu, sannan ya yanke hukunci bisa ƙa'idarsu: wanda ya kashe wa ɗan'uwa kayan aiki, shi zai tsaya a madadin kayan har mai shi ya ce ya gamsu. Saboda haka bindigar Salisu za ta zauna a gidan shugaba. Shi kuma zai hau kowane tudu tare da Malam Muhyiddeen, ya zauna a gefen damansa tun kafin rana ta fito, ya riƙa faɗin abin da ya gani daga gabas zuwa yamma, ba ƙari ba ragi. Ba zai yi magana ba sai an taɓa shi. In an harbo nama, rabonsa irin na marigayin ne, wato a goge masa fuska da tsumma. An tambayi mai sanarwa yaushe yake ganin zai gamsu. Ya ce marigayin ya yi shekara goma sha ɗaya bai yi ƙorafi ba.

Jana'iza za ta kasance ranar Asabar. Ba za a yi salla ba, mai sanarwa ya san iyakar wasa. Wanka ma an ɗauke wa jama'a, an riga an yi fiye da kima. Za a taru ƙarfe biyu na rana a bakin ƙofar kamfanin da Salisu ke aiki, daidai lokacin da 'yan aikin safe ke fita na yamma ke shiga, domin abokan aikinsa, waɗanda aka ce tuni sun fara kiransa Likita, su sami damar yin bankwana. Salisu ne zai rataya gawar a wuyansa daga nan har Zawaciki, a ƙafa, kuma duk wanda ya tsayar da shi a hanya ya tambaya, zai yi bayani da bakinsa tun daga bagaruwa. Shi zai haƙa ramin a tsakar gida. An haramta masa yayyafa wa kabarin ruwa.

Za a zauna karɓar gaisuwa kwana uku a ƙofar gidan Malam Muhyiddeen, daga bayan la'asar zuwa magariba. Ana roƙon duk wanda ya zo ya matso kusa ya faɗi sunansa, domin mai makoki ba ya gane fuska in ta wuce taku goma. Salisu ba sai ya faɗi nasa ba. In iska ta taso da warin jima irin na Challawa, za a san ya iso.