Tazargaden Inna Asibi

"…Ya gida? Ya ƙafar taki, da sauƙi dai?" in ji Hambali, yana durƙushe a bakin ƙofa yana ta jan gaisuwa kamar mai neman aure.

Inna Asibi ko ɗagowa ba ta yi ba, ɓarar gyaɗarta kawai take. Jikan nan nata da zai rufe shagon gyaran waya a Gwarzo, ya taso Gude da tsakar rana, ai ba ƙafarta ce ta kawo shi ba. Ta riga ta ga aikinsa. Shekaranjiya ta shiga 'yar gonarta ta bayan ɗaki ta tarar an yi wa fangalin karas aski tas! Tazargaden da ke gefe kuwa, wanda ta shekara huɗu tana yanka yana tohowa, ko ganye ɗaya ba a taɓa ba.

"Lafiya lau, maigida," ta ce. "Ya akuyarka?"

"Wace akuya kuma?"

"Au, ba ka da ita? To wa ka kai wa ganyen karas ɗina?"

Hambali ya sosa ƙeya. Matarsa Adawiyya ce ta haihu, haihuwar fari, tana wankan jego a gidansu a Garo. Surukarsa ta ce ya samo tazargade wajen kakarsa a turara wa mai jego kaya. Shi kuwa gogan, don kada tsohuwa ta sa shi roƙo, sai ya haura ta zana ya tsinka da kansa.

"Ke ma da laifinki, tsohuwa. Wa ya ce ki jera abubuwa biyu masu ganye iri ɗaya?"

"Hancinka fa? A shago ka bar shi yana caji?"

"Mura nake yi."

"Mura! To me surukar taka ta ce?"

"Ta shinshina, ta sa mini albarka. Ina kaiwa zaure na ji mata sun kece da dariya. Wata har tana tambaya ko gobe kabeji zan kawo."

Inna Asibi ta tuntsure da dariya har gyaɗar ta watse a tabarma.

"Yi ta yi," in ji Hambali. "Dama na gaji da auren nan. Ba haƙori, ba girki, sai baki. Sakinki zan yi."

"Wa zai saki wani? Ni zan kai ka gaban alƙali in ce a raba ni da mijin da bai san tazargade ba. Kakanka, Allah ya jiƙansa, ido rufe yake gane ganyen da saniya za ta ci."

"Shi ya sa ya ɗauko ki, idon a rufe yake."

"Ja'iri!" Ta jefe shi da ɓawon gyaɗa.

Amma Hambali bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai.

"Inna, gobe suna. Wallahi kunyar shiga gidan nake ji. Jiya Adawiyya ta kira ni tana kuka, wai ƙannenta sun fara kiran yaron Ɗan Karas, tun ba a raɗa masa suna ba."

Nan dariyar tsohuwa ta tsaya. Ta san mutanenta sarai: laƙabin da aka liƙa wa jariri a ɗakin jego, da shi zai yi furfura. Tausayin ɗan tattaɓa kunnen da ko gani ba ta yi ba ya kama ta.

Ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauki wuƙa. "Taso, makaho."

A bayan ɗaki ta kama tazargaden ta yanka daga sama, ta bar gindin. Ta murza ganye da 'yan furanninsa rawaya ta tura masa a hanci. Ƙamshin ya doke shi har sai da ya yi atishawa.

"A inuwa ake shanya shi, ba a rana ba. Ka ji?"

"Na ji."

Ta ƙulle shi a tsumma, ta shiga ɗaki, sai ga ta da mayafi da takalmi.

"Ina kuma za ki da wannan ƙafar?"

"Garo. Zan ce musu ni na tsinko maka da sassafe, idona ne ya gaza. Sai su dawo da dariyar kaina."

"Ke? Da mata ke tasowa tun daga Dugabau su tambaye ki ganye? Inna, cewa za su yi kin fara ruɗewa."

"Su ce mana. Ni kwana nawa ya rage mini? Shi yanzu ya zo."

Hambali ya tsaya yana kallonta. Can ya yi 'yar dariya, ya goge ido da hannun riga.

"Kin ci, tsohuwa. Na sallama."

"Tada babur," ta ce. "Kuma ka bi da ni a hankali. Ka kuskura ka kayar da ni, gaskiya zan faɗa musu."