Ranar da Na Rage wa Asibiti Lodi

Ba zan taɓa mantawa ba da satin da 'yata Rahila ta haihu, kuma ko na so mantawa matan layinmu a unguwar Television ba za su bari ba. Har yau in na fito da bokiti sai wata ta leƙo ta taga ta ce, "Mama, a dai rage lodi!"

Ni mace ce ta gida. A bar ni da murhuna da kajina da rediyona, sai in yi wata ban tsallaka titi ba. Boko kuwa ban yi nisa ba, amma kunne Allah ya ba ni. Ina tsakar gida zan gaya muku wace tukunya ce ta faɗi a gidan maƙwabta, kuma wa ya yar da ita. (Marigayi maigidana yakan ce da kunnena ake biyan albashi da tuni mun gina bene.) To wannan kunnen ne ya kai ni ya baro.

Rahila ta haihu lafiya a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Barnawa, sai dai jaririn ya zo da shawara, idonsa rawaya-rawaya. Aka ce sai ya kwana biyu a ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske. Na ɗaure kayana na tare a ɗakin masu jego, a saman bene. Zama ya gagare ni. In zauna, in tashi, in leƙa jariri, in leƙa taga, in tuna ko an rufe mini kaji. Sista Asabe, nas ɗin ɗakin, har ta ce, "Mama, ke ce kika haihu ko 'yarki?"

A asibitin nan surukina Yohanna, mijin Rahila, yake aikin wuta. Yaro ne mai kunya, ko gaishe ni zai yi sai ya durƙusa yana kallon takalminsa. Shi ya yi ta bin Dokta, mai asibitin, har ya yarda aka jera farantan sola a kan rufi, aka canza ƙwayayen fitila da fankoki zuwa marasa shan wuta, don a huta da janareton da yake shan gas kamar rijiya gare shi a ciki. Wutar tana bi ta wani akwati da suke kira inbata, a ɗakin batir, daidai ƙasan ɗakinmu. Dokta bai gama sakin jiki da abin ba, gwaji ake yi. In ya yi kyau, Yohanna ya samu gindin zama. Ni kuwa na riga na cika Zumuntar Matan cocinmu da labari: surukina ne ya kama rana ya sa ta aiki.

Damuwata ɗaya ce, ruwan zafi. Mai jego ba ruwan zafi? A ina aka taɓa yi? Sista Asabe ta nuna mini wani famfo a baya ta ce ruwansa daga tankin kan rufi yake, rana ce take dafa shi. Na ce to, na gode. A raina na ce ruwan da bai ga wuta ba, ai shanya aka yi masa ba dafuwa ba. Ko taɓa famfon ban yi ba. Ina da hitata a jaka, irin mai murɗaɗɗen ƙarfen nan da ake tsomawa a bokiti. Na san nas-nas ba sa son mu tsofaffi muna gasa mai jego yadda aka gasa mu, shi ya sa na tura bokitin lungun gado, na rufe da zanen Zumuntata, na jona a soket ɗin bayan durowa. (Akwai takarda a bango, rubutun Turanci da hoton dutsen guga an ja masa jan layi. Na gani. Na ce ni ban zo guga ba.)

Ban daɗe da jonawa ba na ji wani kuka daga ƙasa, tii, tii, tii, kamar ɗan tsako ya ɓata. Sai fanka ta tsaya, fitilar jikana ta mutu. Na yi abin da kowace mai hankali take yi in an ɗauke wuta: na zare hitata na naɗe na mayar jaka, kada a dawo da ita da ƙarfi ta ƙone. Janareto ya tashi da gurnani. Yohanna ya hau da gudu yana zufa, ya duba nan, ya duba can, bai ga komai ba. Washegari ma haka. Ni har haushi nake ji, ko ruwa ba a bari ya yi ɗumi.

Rannan da hantsi ina shanya tsummokin jariri a baranda, sai kunnena ya tsinko muryar Dokta a ƙasan matakala.

"Yohanna, kai ka ce mini da rana ba zan ƙara jin janareto ba. Ga jariri a ƙarƙashin fitila. In abin nan ya sake mutuwa, ka kwance kayanka, in kira wani."

"Sa, wallahi haɗin lafiya yake. Lodi ne ya yi yawa a ɗakin masu jego. Ban dai gano na wane ne ba."

Lodi! Nan take kaina ya kawo haske. Na koma ɗaki na duba. Jama'a, ku zo ku ga kaya. Kowane gado da jakunkunan Gana-mas-go biyu uku a ƙasansa, ga kuloli, ga manyan filas, ga tabarmi, wata har da turmin daka yaji. Kuma duk wannan nauyin a kan me yake zaune? A kan ɗakin batir! Mota ma in an yi mata lodi ya wuce kima ai kuka take ta tsaya a hanya. Yaron nan kunya ce ta hana shi ya ce wa mata su kwashe kayansu. To ni ba na jin kunyar kowa a kan abincin 'yata.

Na gyara ɗaurin zane na tafa hannu. "Mata, a gafarce ni, kowa ta fitar da kayanta baranda. Lodi ya yi wa wuta yawa."

Hajiya Ladidi, wata 'yar Makera da take jinyar ƙanwarta a gadon kusa da namu, ta sauke kofin shayinta. "Maman Rahila, wace irin wuta ce take jin nauyin kula?"

"Ta sola ce, Hajiya, ba irin Nepar da kika saba ba. Surukina ne ya haɗa, daga bakinsa na ji."

"To jakata dai ba inda za ta."

"Ai kuwa taki ce ta fi kowacce. Wannan jakar ko gawa aka sa a ciki ba mai sani."

Rahila tana ta jan gefen zanena, "Mama, don Allah ki zauna." Ina! Na ɗauki jakar wannan, na ja kular waccan, na sa wani mai ziyara ya sauke turmi har ƙasa. Wata mata mai jiki da ta zo barka ma na roƙe ta ta koma bakin ƙofa ta tsaya. (Allah ya yafe mini, har yau in mun haɗu a kasuwa sai ta canza layi.) Kafin azahar ɗakin ya zama fayau kamar an yi sata. Na tsaya a tsakiya ina haki, ina jin kaina kamar wadda ta ceci gari.

Sai na ce to, yanzu da wuta ta samu sauƙi, bari 'yata ta samu ruwanta. Na tsoma hita, na rufa zane, na jona.

Tii, tii, tii.

Fanka ta tsaya. Fitilar jariri ta mutu. Wannan karon ban ko tuna da zare komai ba, don raina ya gama ɓaci. Na hau faɗa. "Wace mara tsoron Allah ce ta ɓoye kaya? Jikana yana kwance, aikin surukina yana rawa, wata tana nan ta danne lodi! Ko wace ce, Allah ya tona mata asiri a gaban jama'a!"

Hajiya Ladidi ta ce, "Amin."

Ashe Yohanna yana laɓe a matakala yana jiran kukan. Ya shigo, Dokta na biye da shi, Sista Asabe a baya. Dokta ya kalli ɗaki, ya kalli tulin kaya a baranda. "Wa ya yi wannan?"

Na matsa gaba da fara'ata. "Ni ce, Dokta. Na ji an ce lodi ya yi yawa, shi ne na rage."

Sista Asabe ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa. Yohanna ya durƙusa kamar zai gaishe ni, muryarsa can ƙasa. "Mama, ba lodin kaya ba ne. Lodin wuta ne. Abin da yake jan wuta da yawa, kamar dutsen guga, ko risho na lantarki, ko hita."

Kunnen nan nawa da yake jin faɗuwar cokali a gida na uku, ya ji kalmar ƙarshen nan sarai. A hankali na fara ja da baya, ina murmushi, har na isa lungun gado na tsaya a gaban bokiti na baza zane. Da ɗakin yana cike da kaya kamar da, wa zai lura? Amma ni da hannuna na share fili. A duk faɗin ɗakin nan ba abin da ya rage sai gadaje, da masu jego, da ni, da bokitina.

"Maman Rahila," in ji Hajiya Ladidi da wata murya mai zaƙi, "wutsiya ce ta fito miki? Ga wata baƙar igiya nan ta bi ta tsakanin ƙafafunki ta shige bango."

Na ga idon Yohanna ya bi wayar tun daga soket har zuwa zanen Zumunta. Ya gane. Ya miƙe, ya juya wa bokitin baya.

"Sa," ya ce wa Dokta, "ban ga komai ba a nan. Wataƙila kuskuren daga haɗina ne. Zan kwance."

Kun ji fa. Yaron nan ya gwammace ya rasa aikinsa, ga mata ga sabon jariri, da ya buɗe baki ya ce surukarsa ce. Rahila ta sa fuska a filo. Ni kuwa na ji da ƙasa za ta tsage da na shige har ɗakin batir ɗin.

Na sunkuya na yaye zanen. Na ɗago hitar tana ɗigar ruwa, na riƙe ta sama kamar wadda ta kamo ɓera.

"Dokta, kada ka taɓa yaron nan. Ga lodin."

Hajiya Ladidi ce ta fara fashewa. "Allah mai karɓar addu'a! Ko zama ba ki yi ba ya amsa miki!" Ɗaki ya ɗauka. Masu jegon da aka yi wa ɗinki suna riƙe ciki suna roƙon a daina ba su dariya. Dokta ya cire tabarau yana share ido, ya ce, "Mama, kwana nawa kina wannan aikin?" Na ce tun ranar da muka zo. Ya dafa kafaɗar Yohanna. "Je ka tayar da inbatarka. Ashe ƙarar Mama take kawowa, mu ne ba mu ji ba."

Kafin a kunna janareto fanka ta juya, fitilar jikana ta dawo shuɗiyarta. Sista Asabe ta karɓe hitar ta ce sai ranar sallama. Ni kuma na kwashi kayan mutane ɗaya bayan ɗaya na mayar, har da turmin, Hajiya tana zaune tana nuna mini inda kowace jaka take. "A hankali dai, kada ki danne wuta."

Da yamma na ɗauki bokiti na tafi famfon bayan nan a ɓoye. Na murɗa na tara hannu da gadara, don in tabbatar wa kaina aƙalla a nan ina da gaskiya. Sai da na yi ƙara don zafi. Yatsana ya kwana a cikin man shafawa.

Yohanna yana nan a aikinsa, har an ƙara masa ɗakin gwaje-gwaje. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, sai dai da Kirsimeti ya kawo mini sabon filas babba ya ajiye ya fita da sauri. Takardar bangon ma na ji an sake ta, an rubuta da Hausa, an ƙara hoton hita kusa da dutsen guga. Rahila ta ce saura kaɗan su sa hotona.

Kunnena dai yana nan da kaifinsa, ba abin da ya rage. Abin da na koya shi ne, in na tsinci magana a matakala, sai in tambayi ma'anarta kafin in ɗaura ɗamara. Kuma duk ranar da zan roƙi Allah ya tona asirin wani, sai na fara leƙa bokitina.