Yadda Na Kai Adawiyya Hawan Dokin Ƙarfe

Jama'a, ku yi mini afuwa idan rubutun yau ya ɗan karkace. Rubda ciki nake yin sa bisa tabarma, don ƙuguna ya ƙi yarda in zauna, kuma har yanzu in na rufe ido sai in ji ɗakin yana zagayawa da ni. Maiɗakina Mardiya ta shafa mini man zafi tana ƙyalƙyala dariya, wai ita ba ta taɓa ganin wanda ya tafi hutu ya komo da ciwon ɗan dako ba. Bari ku ji yadda aka yi.

Watannin baya rediyo ya cika mana kunne da labarin wani wurin wasan yara da aka buɗe can bayan duwatsu, tsakanin Buza da Keita, wai shi Dausayin Murna. Maƙwabcina Halidu ya samo bidiyon a wayarsa. Ga dawakin ƙarfe suna zagayawa da fitilu, ga wani ƙaton lilo kamar tayar kamiyo, babbar motar kaya, yana kai mutane sama, ga tafkin wanka shuɗi shar, ga ɗakunan kwana na baƙi. A tsakiya kuma ga Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, yana yanka ƙyalle ana tafi. Ɗiyata Adawiyya, wadda ke aji huɗu a lakwal, makarantar boko, ta kalli bidiyon nan har wayar Halidu ta mutu.

Ni kuma bakina ya ja mini. Na ce mata, in ta zo ta ɗaya a ajinsu, da kaina zan kai ta. Na faɗa ne hankalina kwance, don tun da ta shiga lakwal ba ta taɓa wuce ta biyar ba.

Yarinyar nan ta zo ta ɗaya.

Da yamma na samu Halidu a ƙofar gida na kai masa kukana. Ga damina ta sauka, ga noman farko, ga esansi, man babur, ya yi tsada.

Ya dube ni ya ce, "Haba Shafi'u, kamar ba ɗan ƙasag ga ba? Ka ce mata an kahwa kwamiti. Ka ce ana nazari."

Na gwada. Na kira Adawiyya na yi gyaran murya, na ce maganar tafiya tana nan daram, sai dai za a duba lokacin da ya dace, bayan kaka ko gaba kaɗan. Ta tsaya tana wasa da bakin hijabinta. Ashe ta riga ta gaya wa duk 'yan ajinsu, har wata Fatiha ta ce ƙarya take yi, ubanta ko Madawa ba ya kai ta.

Sai ta ɗago kai ta ce, "Baba, kai ma irin mutanen rediyo ne?"

Jama'a, ni da nake zama kullum ina zagin masu alkawari a wannan fili, ɗiyar cikina ta sa ni a layinsu. Na tashi na je na duba tayoyin babur.

Washegari da sassafe muka bar Sabon Gida. Mardiya ta ɗaure mana dambu da gorar fura, ta ce in riƙe mata ɗiya da kyau. A Madawa muka fara cin karo da ƙasarmu. Layin gidan mai ya miƙe har ya sha kwana. Muka bi, rana ta fito, muka matsa, rana ta yi zafi. Da muka kai bakin famfo, mai zubawa ya rataye tiyo.

Na ce, "Ya ƙare?"

Ya ce, "Akwai shi. Na manya ne. Ayari za shi wuce, za su taro."

"Taron mi?"

"Taron ƙarancin esansi."

Na yi musu addu'ar Allah ya kai su lafiya, don in ba su je ba wa zai gano mana cewa babu mai? Na tura babur zuwa wurin masu kwalabe a bakin hanya, na sayi wani abu mai launin shayi, muka kama hanyar Buza.

Ba zan yi ƙarya ba, tafiyar ta yi daɗi. Ruwa ya wanke duwatsun Adar sun yi ja, gero ya fara tasowa a kwaruruka, iska na kaɗawa. Adawiyya ta rungume ni ta baya tana zuba. A gida yara da yawa, gona kuma ba ta barin mutum, ban taɓa samun yini guda ni da ita kaɗai ba. A hanyar nan na san cewa tana son ta zama mai tuƙa jirgin sama, tana tsoron kwaɗi, kuma ita ce ta fasa tulun da aka doki ƙanenta a kansa bara.

Duk allon da muka wuce sai ta karanta mini Faransancin ta fassara. Alluna kuwa, masha Allahu, ba mu da talaucinsu. Wani allon ya fi aikin da yake sanarwa girma. A wata korama da ruwa ya cinye hanya, muka tarar da duwatsun harsashin gada har uku a jere, kowanne da sunan wanda ya aza shi. Gada dai babu. Ni ban ga laifinsu ba. In Allah ya ba su tsawon rai suka ci gaba da zuwa, wata rana duwatsun za su kai wancan ƙetare mu taka. Ranar dai samarin wani ƙauye na kusa ne suka ɗauki babur a ka, ni kuma na naɗe wando na saɓa Adawiyya a wuya.

Bayan azahar muka hango ƙofar. Kai, ƙofa ta yi ƙofa! Zakuna biyu na siminti, bakan gizo na fenti, da rubutu manya-manya. Adawiyya ta yi tsalle ta sauka tun ban kashe babur ba. Wani dattijo mai gadi, Isiyaku, yana zaune a inuwar zaki ɗaya yana dafa shayi. Muka gaisa.

Na ce, "Baba, ina ake yankan tikiti?"

Ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya sauke butar shayi a hankali. Ya ce, "Daga nesa kuke?"

"Daga Sabon Gida."

Ya ce, "Wayyo. Ku shiga dai, ɗana. Ba a biya."

Muka shiga. Inda ƙaton lilon nan yake a bidiyo, ramuka huɗu ne a ƙasa. Isiyaku ya ce ai hayarsa aka yi don ranar buki. Kashegari kamiyo ya zo ya kwashe, an kai shi wani gari can a sake buɗe shi. Tafkin wanka kuwa da tanka aka cika shi ranar. Yanzu ɗan ruwan sama ne a gindinsa, awaki na sha, kwaɗi na kuka. Na tambayi ɗakunan kwana. Ya ce makullai na wurin Darakta, Darakta kuma yana taro.

Abu ɗaya ya rage: dawakin ƙarfe. Su an dasa su cikin siminti, shi ya sa suka gagari kamiyo. Suna tsaye a da'ira ƙarƙashin rumfarsu, ja da fari da kore, baki buɗe kamar suna haniniya. Injin da ke juya su an ɗauke shi, wai gyara.

Adawiyya ta je wurin wani farin doki ta shafa wuyansa. Ta daɗe tana shafawa. Na jira kuka, don na san yadda ake rarrashin kuka. Ba ta yi ba. Ta juyo ta ce, "Ba komi, Baba. Ai ka kawo ni. Mu koma kar dare ya yi."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na tuɓe riga na ba Isiyaku. Na ɗaga ta na aza bisa farin dokin, na ce ta riƙe da kyau. Na sa kafaɗa a jikin ƙarfen na tura. Ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, bai motsa ba. Na yi bisimilla na ƙara. Ya motsa. Isiyaku ya rugo da ragowar man gyaɗan girkinsa ya tsiyaya a gindin. Sai ga dawaki sun fara tafiya, ni ina biye da su a guje, ina jin dariyar ɗiyata bisa kaina.

Ana haka wani bawan Allah, Usman, ya iso daga Urno da tagwayensa. Shi ma bidiyon ne ya jawo shi. Ya tsaya ya dubi ramuka, ya dubi tafki, ya dube ni ina zufa. Sai ya tuɓe tasa rigar. Muka zama inji mai mutum biyu.

Ban san zagaye nawa muka yi ba. Na dai san ƙasa ta taso ta same ni. Ina kwance ina kallon sama tana juyawa, sai na ga fuskar wani mutum da rawani bisa kaina. Makiyayi ne, Mahmud, wanda awakinsa ke sha a tafkin manya. 'Ya'yansa sun daɗe suna leƙe ta katanga.

Ya ce, "Malam, in kun bar ɗiyana su hau, ga jakina."

Aka ɗaura igiya, jaki ya kama zagaye ba gardama. Kafin la'asar wuri ya cika. Yaran ƙauyukan kusa suka kwararo, wata mata ta kafa kaskon ƙosai, Isiyaku ya kifa jarka yana kiɗa. Adawiyya ta zama mai tsara layi, kowa ya hau ya sauka, amma farin doki nata ne. Har ta manta tana tsoron kwaɗi.

Sai muka ji jiniya. Ayarin nan ne da aka ajiye wa mai, yana komowa daga taro. Sun hango taron jama'a, kuma kun san manyanmu, ba sa iya wuce jama'a ba su yi musu jawabi ba. Motoci suka tsaya. Aka buɗe wa Mai Girma Na-Hannun-Daman Sarkin Almakashi ƙofa, ya fito cikin shadda mai ƙamshi, ya buɗe hannuwa.

Ya ce, "Kun gani? Masu cewa wurin nan ba ya aiki, ina suke?"

Ina nan kwance, amma ba a tambaye ni ba.

Ya ce zai hau a ɗauki hoto tare da yara. Mai hoto ya yi ta kai da komo yana neman inda jaki ba zai fito ba. Wani mai kwat ya zo ya ce Adawiyya ta sauka, farin doki na Mai Girma ne. Ta ƙanƙame wuyan dokin ta ce babanta ne ya tura, ba za ta sauka ba. Amma da yake na'ura na kallo, Mai Girma ya yi murmushi ya ce a bar ta, ya tattara babbar riga ya hau koren da ke gefenta. Ƙarfe ya yi ƙara.

Mahmud ya ce wa jaki ya tafi. Jaki ya ja, ya ji abin da ke bayansa, ya tsaya. Aka yi masa magana da Hausa, aka yi masa da yaren gidansu. Ya kafe ƙafafu, ya sunkuyar da kai.

Mahmud ya ce, "Ranka shi daɗe, yara ɗai ya saba ja."

Mai Girma na bisa doki, na'ura na jira. Ya waiwaya ya dubi mutanensa. Jama'a, da idona na ga masu kwat da takalma masu ƙyalli sun sa kafaɗa a ƙarfe suna turawa, suna haki, yara na yi musu kirari. Usman ya zauna kusa da ni ya miƙo mini ƙosai. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa zama yana ci ba, ma'aikata na yi masa aiki, sai yau.

Da aka tsaya, mai ɗaukar murya ya kai abin magana bakin Adawiyya. Ya ce, "Yarinya, gaya wa duniya, wa ya kawo muku wannan farin ciki?" Yana faɗa yana nuna mata Mai Girma da ido.

Ta ce, "Babana. Da Baba Usman. Da jakin Baba Mahmud."

Ya ce ta sake tunani. Ta sake, ta ƙara da Baba Isiyaku da man gyaɗansa. Suka shiga motoci suka tafi.

Usman ya ɗauke ta hoto da wayarsa ya turo wa Halidu, don a nuna wa Fatiha. A hanyar komowa barci ya kwashe ta, na ɗaure ta a bayana da rawanin da Mahmud ya ba ni, na yi ta tuƙi a hankali ina kauce wa ramuka. Can wajen Madawa ta farka, ta ce cikin magagi, "Baba, baɗi ma zan zo ta ɗaya." Na ce Allah ya yarda, ban ƙara ko kalma ba.

Jiya na ji a rediyo cewa Dausayin Murna yana aiki ba dare ba rana, kuma an gano wata sabuwar dabara ta juya dawaki ba da esansi ba. Har za a tura tawaga ƙasashen waje ta yi wa duniya bayani. Muryar Adawiyya ba ta fito ba, wataƙila na'urar ce ta samu matsala daidai wurin. Ni dai roƙona ɗaya ne ga masu girma: in za a tafi, a tafi da jakin. A duk waɗanda na gani ranar da sunan aikin jama'a, shi kaɗai ya san nauyin da ya kamata talaka ya ja, da wanda ya kamata ya tsaya ya ce a sauka.