Rigar da Na Yi Laccar Gwanjo da Ita

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da sunayen wasu malaman da suka zane ni, amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a firamaren unguwarmu a Bagudo ba, ranar da na tara manya na ce zan koya musu inda tufafinsu suka fito.

A lokacin ina karatun digiri na biyu. Bincikena a kan tafiyar tufa ne, tun daga gonar auduga zuwa masaƙa, zuwa hannun mai ɗinki, zuwa kanti, har inda take ƙarewa in an gaji da ita. Wa ke cin moriya a hanya, wa ake ƙwara, kuma har yaushe ƙasa da ruwa za su iya ɗaukar wannan ɗawainiya. Ba zan ɓoye muku ba, karatun ya shige ni. Na karanta yadda mata ke wuni a kan keken ɗinki a ƙasashen Asiya ladan bai kai ya kawo ba, da yadda ruwan rini ke kashe kifi a koguna, da yadda Bature ke sa riga sau uku ya ce ta tsufa. Duk gaskiya ne. Inda matsalar take shi ne, wata shida kacal da fara karantawa, na ɗauka duk faɗin Najeriya ni kaɗai na sani. (Abokan ɗakina sun daina nuna mini sabuwar riga, don maimakon in ce a kashe lafiya sai in yi musu bayanin rabin awa.)

Malamar da ke duba aikina ta ce tunda garinmu na bakin iyakar Benin, inda gwanjon Kwatano ke ratsowa, in je gida in saurari masu sana'ar. In saurara, haka ta ce. Ni kuwa abin da kunnena ya ji shi ne in je in wayar musu da kai.

A nan ya kamata in gaya muku abin da ba na gaya wa 'yan ajinmu: Innata gwanjo take sayarwa. A cikin gida take yi, mata su shigo su zaɓa a kan tabarma. Tana sarowa ne wajen Maman Chinedu, wata 'yar ƙabilar Ibo mai shago kusa da tasha, wadda ta fi shekara ashirin a Bagudo. Kabancin da ke bakinta, wato Hausar yankinmu, ya fi nawa, don ni makaranta ta wanke mini harshe. Aminan juna ne ita da Inna. Da salla a kai mata tuwo, da Kirsimeti ta aiko mana da shinkafa.

Sati biyu kafin in taho na buga wa Inna waya.

"Inna, ina so a samo mini saƙi, na hannu, irin na da, wanda inji bai taɓa ba. A ba tela ya ɗinka mini riga. Daga yau na daina sa kayan da aka zalunci wani kafin su iso jikina."

Ta ce, "Saƙi? To. Allah shi sa a dace."

Da na iso na tarar da rigar a ninke a kan gadona. Kauri gare ta, ruwan ƙasa da ratsin shuɗi, ga ɗan kaushi in ka shafa. Na ɗaga ta na shinshina, na ce wa Inna, "Kin ji ƙamshin gargajiya." Ta dube ni, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, amma na riga na shiga yi mata bayanin yadda Turawa suka kashe masaƙunmu. Ta koma kan girkinta.

Hedimasta ya ara mini aji ɗaya. Aka jera bencina, maza a dama mata a hagu da fili a tsakani, kamar yadda ake kowane taro tun da aka fara Shari'a. Masu gwanjo suka zo, da teloli biyu uku, da wani tsohon masunci daga wajen Dole Kaina mai suna Baba Manu, wanda ya shigo gari sayen zaren koma ya ga taro ya zauna. Maman Chinedu na bencin gaba. Inna ta lulluɓe ta zauna can ƙarshe, jikin bango. An ajiye mini tebur a gaba, an rufe shi da ƙyalle, har da kofin ruwa.

Farkon laccar ya tafi daidai, wannan kam ba zan rage wa kaina ba. Na zana taswira a allo. Na nuna musu yadda audugar da ake nomawa can ƙetaren iyaka ke shiga jirgin ruwa ta tafi Asiya, a saƙa ta, a ɗinka, a kai Turai a sayar, a sa, a gaji, a ɗaure ta a dila ta dawo Kwatano, ta biyo hanya har ƙofar gidan wanda ya noma ta. Na ce manomin nan bai taɓa sa audugarsa tana sabuwa ba. Mutane suka gyaɗa kai, don da yawa suna da dangi masu noman auduga a can. Wani ma ya ce, "Wallahi haka na!"

Wannan gyaɗa kan shi ya kashe ni. Na ji wani abu ya taso mini daga ciki ya hau kai. Na ajiye takardar da na rubuto, na fara tafiya daga bango zuwa bango kamar ɗan takara.

"Jama'a, mu gaya wa kanmu gaskiya," na ce. "Gwanjo bola ce! Turawa sun mai da ƙasarmu juji. Duk mai sayar da gwanjo, ya sani ko bai sani ba, dakon shara yake yi wa Bature!"

Ajin ya yi tsit. Ni a haukata na ɗauka magana ce ta ratsa su. (Ku tuna fa, kashi uku cikin huɗu na mutanen da ke gabana da gwanjon suka ci abincin safe. Har da ni.)

Sai na ɗaga hannun rigata sama. "Ku dubi wannan! Saƙin iyayenmu da kakanninmu. Ba jirgi, ba inji, ba hawayen kowa a jikinta. Ku taɓa ku ji!" Na bi bencin maza ina miƙa musu hannu suna shafawa. Ɗaya daga cikin telolin ya shafa, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka kuka yake.

Da na juyo wajen tebur sai idona ya faɗa kan ƙyallen da aka rufe shi da shi. Ruwan ƙasa, ratsin shuɗi. Iri ɗaya sak da rigata. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni murna na yi.

"Allahu Akbar! Kun gani? Har teburin nan saƙin gida ne a kansa. Ashe sana'ar ba ta mutu ba!"

Maman Chinedu ta waiwaya ta dubi ƙarshen aji, inda Inna take. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta juyo ta ɗaga hannu.

"Ɗana, in yi tambaya?"

"Bismilla, Mama," na ce, har da ɗan murmushin malamai.

"Wanga saƙi naka, wane gari anka saƙa shi?"

"Nan ƙasarmu, Mama. Hannun mutanenmu ne."

"To madalla. Ɗaga bakin ƙyallen teburin nan, na wajen allo."

Na ɗaga. Zobban ƙarfe ne a jere, guda takwas, irin waɗanda ake zura sanda a ciki. Kusa da su ga wata 'yar farar takarda da rubutun wani yare da ban taɓa gani ba, da hoton dutsen guga.

"Labulen taga na, ɗana," in ji ta. "Biyu sunka zo cikin dila guda. Guda hedimasta ya ara da sahe don a rufa maka tebur. Gudan kau innarka tas saya, shi na ga jikinka."

Ban san wa ya fara ba. Na dai ji dariyar ta fashe daga ɓangaren maza ta tsallaka fili ta kama na mata. Telan da na ɗauka kuka yake (ashe shi ya ɗinka rigar) ya zame daga benci. Baba Manu ya share hawaye da bakin hularsa ya ce, "Malam, in muna son haske sai mu ja ka gehe guda ke nan?" Aka sake kecewa. Ni kuwa ina tsaye, bakin labule a hannuna, sauran labulen a jikina, gumi na bin bayana kamar an kunna famfo. An yi ƙyallen ne don ya tare sanyin wata ƙasa, ni na sa shi da azahar a Bagudo. Sai a lokacin hancina ya gane ƙamshin gargajiyar nan: warin sabuwar dila ne, wanda na tashi a cikinsa tun ina rarrafe.

Na dubi ƙarshen aji. Inna ba ta dariya. Kanta na ƙasa, tana murza bakin mayafi. Duk dariyar da aka yi mini ba ta yi mini zafin wannan ba.

Maman Chinedu ta jira hayaniya ta lafa. Fuskarta ba wasa.

"Sharar da kac ce muna dako, ita ta yi maka takalmin zuwa wagga makaranta da kake tsaye ciki. Amma ban ce duk ƙarya kay yi ba. Da ka tambaye mu, da mun faɗa maka abin da ya fi wanga. Dila a ɗaure muke sayen ta, ba mai buɗe maka ka gani. Wata ka yanke igiya ka ishe rabi tsumma na, ko rigunan sanyi da ko jaki ba ya sawa garin nan. Su can sun tsince masu kyau. Wa za ka kai ma ƙara?"

"Tsumman nan kau kogi yake zuwa," in ji Baba Manu. "Mu ka jawo shi. Wata rana ka ja koma da nauyi kana hamdala, ka ishe wando na."

Daga nan taro ya ƙwace daga hannuna. Wata ta ce in iyaka ta yi tsauri yara ke fara tafiya ba riga, don sabuwa ta fi ƙarfin iyayensu. Tela ya ce rabin aikinsa yanzu rage gwanjo ne da ƙara shi. Suka yi awa guda suna magana a kan ainihin abin da aka turo ni in ji, ba wanda ya ƙara tunawa da ni. Na juya bayan takardar laccata na fara rubutu, a tsaye, cikin labule.

Da la'asar na shiga gida na tarar da Inna a tsakar gida tana ware kaya, na yara gefe, na manya gefe. Na tsuguna.

"Inna, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Yaushe?" ta ce, ba ta ɗago ba. "Tun da kas sauka mota bayani kake. Na aika neman saƙi ƙauyen Sharabi, na aika Kurgu. Tsohon da ya rage yana saƙa idanunshi sun gaza, ɗiyanshi ba mai son koyo. Kai kau ka rantse ba ka sa komi sai saƙi. In bar ka ka tsaya gaban mutane da singileti?"

Ta ninke wani ɗan wando, ta shafa shi, ta ajiye.

"Ni labule bai dame ni ba. Sai dai sharar da kac ce."

Na ce ta yafe mini. Na faɗa sau uku, ni da na zo da digiri ɗaya da rabi. Ta ƙyale ni na daɗe a tsugune, sannan ta ce, "Tashi ka kama min bakin buhun nan, ka tsare min haske."

Sati uku na yi ina zama a shagon Maman Chinedu. Ina yanke igiyar dila, ina warewa, ina tambaya, kuma karon farko a rayuwata ina rufe baki a ba ni amsa. Na bi Baba Manu bakin kogi na ga tsumman da yake cirewa daga koma. Abin da na samu a wajensu shi ya zama ƙashin bayan aikina, har malamata ta yaba, ta tambaye ni dabarar da na yi mutane suka saki jiki da ni haka. Na ce mata ai sai da na fara sa su dariya. Ban ƙara komai a kai ba.

Yau shekaru sun ja, ina koyar da wannan darasin da kaina, amma in na sauka a tashar Bagudo har gobe sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Labule!" Ina amsawa, don ni na saya wa kaina sunan. Abin da na koya kuwa ba shi da tsawo: karatun wata shida bai isa ka yi wa mai shekara ashirin a sana'a lacca a kan sana'arsa ba. In kuma rigimarka ta sa sai ka yi, to don Allah ka tsaya nesa da tebur.